Harsashi Ɗaya, Ma'auni Uku

Lahadi, bayan la'asar

Ertan! Kai Ertan, ɗan nan, a wane ruwan kake yanzu?

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya zafin ɗakin injin, yaya tarin nan da ka tafi da shi? Ina fata kana sa rigar ciki ko da zufa kake yi. Mu nan Beyshehir lafiya lau, sai gwiwar hagun nan da ka sani. Na san saƙon nan ba zai same ka ba sai jirginku ya matso gaɓa, amma ni ba na iya riƙe magana a ciki har sati biyu. Zan riƙa rubutawa, in ka samu ka karanta su a jere. Kar ka kula da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa.

Maganar matarka ce. Kar gabanka ya faɗi, Sinem lafiyarta ƙalau, ga ta can ƙasa a ɗakinku, yanzu na sa ta sha miyar tarhana da ƙyar.

Yau ta je filin harbin ƙungiyarku don a auna bindigogi kafin gasar ranar Asabar. Ka san wadda nake nufi, wadda mutanen Konya da Isparta za su zo, a ɗauki mutum uku a kai su gasar ƙasa a Antalya. Shekara biyu yarinyar nan tana zaune a kan matashi a cikin ciyawa tana harbin zomayen ƙarfe saboda wannan rana. To ashe watan jiya ƙungiya ta sayo sabon kirono, abin awon gudun harsashi irin naka, sai dai shi kamar bututu yake, da fitilunsa a ciki, da wuta ake jona shi. Shugabanku Dursun Bey da kansa yake zaune a gabansa da biro. Sinem ta harba uku ta ciki. Ɗari biyu da arba'in da tara. Sai tara kuma. Sai hamsin cif. Kai ka fi ni sanin doka, bindigar iska ba ta wuce mita ɗari biyu da arba'in da huɗu a sakan da irin harsashin da take sawa. Ni ma yanzu na haddace, tun azahar nake jin lambar nan.

Ta ce masa ba zai yiwu ba, mijina ya daidaita ta a kan talatin da takwas da ƙaramar Sallah, ni ko sukurun ban taɓa ba. Sai Nejdet Bey mai kantin magani, wanda ta kayar a gasar watan Mayu, ya matso da shayinsa a hannu. Wai a hankali ya yi maganar, kamar yana karanta takardar likita. Ya ce, "Ni tambaya ɗaya ce da ni. A watan Mayu da kironon wa aka auna mu?" Da naka ne, Ertan, kai ka ba su aro da za ka koma ruwa, lokacin ba su da nasu.

Ka gane abin da yake nufi ko? Wai kai ka ƙara wa bindigar matarka ƙarfi, ka kuma koya wa kirononka ƙarya don ta wuce. Sun kulle bindigar a kabad ɗin ƙungiya. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis bayan la'asar. In suka ce da gangan ne, shekara guda ba za ta yi harbi ba, Asabar ta tafi ke nan.

Da ta hau bene ta zauna min a ƙasan kicin da rigar harbinta a jiki. Na ce mata tashi, 'yata, ƙasa da sanyi. Na ce wannan sabon bututun nasu jiya aka fito da shi daga kwali, waye ya san halinsa? Naka kuwa shekara shida yana gidan nan bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ubanka, Allah ya jiƙansa, shekara talatin yana gyaran kunamar bindiga, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ɗansa ne zai yi coge saboda kofin gwangwani?

Jibi zan sauko da naka daga kan wadirof in kai shi filin da kaina, a gwada su a gaban kowa. Ka kwantar da hankalinka, matarka za ta yi harbi ranar Asabar. Ni na faɗa.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare min kai.

Mahaifiyarka,
Bedriye

Talata, da yamma

Ɗana Ertan,

Assalamu alaikum, ina fata kana lafiya, ruwa kuma a kwance yake. Tsaya in rage wutar tukunya. To, na dawo.

Na je. Na naɗe kirononka a tawul, na sa sandunansa huɗu da fararen rumfunan nan biyu a jakar kasuwa, na gasa burek mai cuku faranti guda, muka hau ƙaramar bas ni da Sinem. Daga inda bas take tsayawa zuwa filin da ɗan tafiya, gwiwata ta faɗa min magana amma ban saurare ta ba.

Maza kusan goma muka tarar, labari ya zaga. Dursun Bey mutumin kirki ne, ya taso ya ce Goggo Bedriye ke da kanki, ya sa aka kawo min kujera can nesa gindin bishiya. Na ɗauki kujerata na dawo da ita kusa da tebur. Halis Usta ma yana nan, abokin babanka na wurin aiki, ya tsufa sosai Ertan, amma hannunsa bai karkarwa. Ya zo da nasa kironon, wani ɗan ƙarami kamar akwatin ashana da ake maƙalawa a bakin bindiga. Ka ga sun zama uku ke nan.

Sai ka ga yadda maza suke gwaji. Aka fito da bindigar Sinem, aka harba goma ta cikin na ƙungiya, aka rubuta. Aka tsaya shan shayi. Aka kafa naka a rana, aka harba goma, talatin da takwas, talatin da bakwai, talatin da tara, kamar yadda ka bar shi. Na dubi Nejdet Bey na gyara ɗankwalina. Sai wani ya ce ai iskar cikin bindigar ta ragu, shi ya sa. Aka ƙara mata iska. Aka sa na Halis Usta, ya ce arba'in da takwas. Sai wani ya ce ai yanzu rana ta yi zafi, ƙarfe ya ɗumama. Wani ya ce gwangwanin harsashin ba ɗaya ba ne, na ɗazu daban. Wani ya ce batir. Kowa ya zama malami. Awa biyu ana abu ɗaya, burek ɗina ya ƙare, ba a san mai gaskiya ba.

Na ce Dursun Bey, in yi magana? Nejdet ya yi dariya ya ce, "Goggo, nan fa ba ɗakin ɗinki ba ne." Na ce na sani, ɗana, da ɗakin ɗinki ne da tuni an gama an share ƙasa. Na ce kai Nejdet, ni na ɗinka maka kayan kaciyarka, farare masu alkyabba, kana kuka kana riƙe da siket ɗin uwarka, kuma ko santimita ɗaya ban kuskure ba. Filin ya ɗauki dariya, har shi sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Na ce musu ni shekara arba'in ina ɗinki, tef ɗin awo nawa na ga ya miƙe don tsufa. In ina zargin tef, ba na auna Hajiya wance da wannan yau, in auna wata da wancan gobe. Ƙyalle guda nake shimfiɗawa in ɗora su duka a kai a lokaci guda. Ku kuna ba kowane ma'auni harsashinsa daban, sa'annan kuna faɗa. Ku jera su mana, ɗaya bayan ɗaya, harsashi guda ya bi ta cikinsu duka. Iska ɗaya, rana ɗaya, gwangwani ɗaya. Wanda ya fita daban shi ne maƙaryacin.

Halis Usta ya cire hularsa ya sosa kai ya ce wallahi haka ake yi, mu ne muka tsaya surutu. Dursun Bey ya ce a jera. Sai ga hadari ya taso daga kan tafki, gari ya yi duhu, ka san naka ba ya gani sai da hasken sama. Aka ɗaga sai gobe ƙarfe goma.

A bas Sinem ta kwantar da kai a kafaɗata ta ce Mama, da ke aka ba shugabancin. Yau ta ci abinci sosai.

Gobe war haka an wanke ka tas. Zan so in ga fuskar mai kantin magani.

Allah ya dawo min da kai lafiya.

Mahaifiyarka,
Bedriye

Laraba, bayan azahar

Ertan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni ma lafiya, jiki dai. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

An jera su. Gari garau, ba iska. Na Halis Usta a bakin bindiga, na ƙungiya a gabansa, naka a ƙarshe a kan ƙafafunsa uku da rumfunansa. Halis Usta ya ɗaure bindigar a kan buhun yashi, ya zare igiya ya daidaita su sai da suka miƙe sak. Sinem ta ja kunama. Na Halis arba'in da tara. Na ƙungiya arba'in da takwas. Naka talatin da takwas.

Na ce a'a, ai harsashin ya gaji kafin ya iso na baya, a juya su. Ba wanda ya yi min musu. Aka dawo da naka gaba, na ƙungiya baya. Na Halis arba'in da tara, naka talatin da takwas, na ƙungiya da yake can baya arba'in da takwas. Harsashi ba ya rage gudu a tsakiya ya ƙara a gaba, wannan ko ni na sani. Sau biyar aka yi. Sau biyar biyun nan suna tafiya tare kamar 'yan biyu, naka yana baya da goma.

Nejdet bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Cewa ya yi, "To Goggo, da hannunki kika kawo shaidar." Ya ce bindiga ta wuce doka da biyar, ma'aunin mai bindigar yana ragewa da goma, me ya rage kwamiti ya tattauna?

Halis Usta ya ɗauki naka ya zauna da shi a inuwa, ya sa gilashin nan na masu gyaran agogo a ido. Ka san idanu biyun da suke kallon sama, na gaba da na baya, kowanne da 'yar tagar roba a kai. Ya daɗe yana kallo. Ya ce na baya garau yake, amma na gaba ya yi yana, fari-fari da 'yan tsage ƙanana kamar ƙanƙarar da aka taka. Wai shi ya sa yake ganin inuwar harsashi tun bai iso kansa ba, sai ya fara ƙirga da wuri, sai lambar ta sauka. Ya ce wannan ba tsufa ba ne, wani abu aka shafa masa mai cin roba. Ya ce ko dai wanda ya san aiki sosai, ko wanda bai san komai ba. Nejdet ya ce, "Ertan kuwa injin jirgi yake gyarawa."

Ɗana, a nan na tuna.

Ka tuna ƙaramar Sallah, ka ce za ka iso ranar jajibiri? Kwana uku kafin nan na yi sharar Sallah. Na wanke labule, na goge fitilu, na hau kujera na sauko da kayan kan wadirof. Na buɗe kirononka na ga ƙura a idanunsa. Na ce yaron nan zai dawo ya tarar da abin da ya fi so da datti? Na ɗauko auduga da kolonyar lemo, turaren ruwan da ake zuba wa baƙi a hannu, mai ƙarfin nan, na goge na gaban sosai, har da sa farce a kusurwa. Na ga ya yi fari, na ce zai bushe. Sai na ji ƙaurin baklawa daga tanda, na rufe shi na ruga, ban dawo kan na bayan ba. Na manta sam. Ka zo, ka ci Sallah, kashegari ka fita bayan gida ka daidaita bindigar matarka da shi. Yana ce maka ashirin da takwas kana ƙara mata ƙarfi, har ya ce talatin da takwas ka ɗaure sukuru ka ce shi ke nan. Ina tsaye a taga ina kallonku, har na miƙo muku shayi.

Ni ce. Ba kai ba, ba sabon bututun mutane ba, ni ce.

Kuma ban faɗa ba. Ina zaune a kujerar nan, maza goma suna kiran sunanka, bakina ya ƙi buɗewa. Ni da jiya na cika filin da surutu. A bas Sinem ta riƙe hannuna tana cewa Mama kar ki damu, kin yi iya ƙoƙarinki, ni na san Ertan ba zai yi haka ba, wataƙila a shagon da ya saya ne. Ita take lallashina. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na dawo na yi alwala na yi azahar, na zauna na yi tunani, yanzu kaina ya dawo daidai. Kai na fara faɗa wa don abinka ne. Gobe da safe zan sauka in faɗa mata, da la'asar in je gaban kwamitin. Na san abin da za su ce, kowace uwa za ta ɗauki laifin ɗanta. Na san kuma abin da zan tafi da shi. Ni na ɓata, ni zan gyara, kuma maganata ta ranar Lahadi tana nan, yarinyar nan za ta yi harbi.

Ka yafe min, ɗana.

Mahaifiyarka,
Bedriye

Alhamis, kafin magariba

Ɗana Ertan,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yanzu na shigo, ko mayafi ban cire ba.

Da safe na sauka na same ta tana yanka tumatir. Na faɗa mata duka, a tsaye, ban yi kwana-kwana ba. Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Jiya a bas kin sani?" Na ce na sani. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki ta rufe. Ban bi ta ba, tana da gaskiya.

Ni kaɗai na hau bas. A jakata da kirononka, da agogon bangon kicin, da kwalbar kolonya, da auduga.

Su biyar ne a ɗakin shan shayin ƙungiya, Dursun Bey a tsakiya, Nejdet a gefe, da wasu uku. Halis Usta an kira shi shaida. Sinem ta riga ni zuwa, tana tsaye bakin ƙofa. Wani mai gashin baki ya ce zaman na 'yan ƙungiya ne kawai. Na ce to ku rubuta ni, ni ce mai laifin, a ina aka taɓa shari'a mai laifi yana waje? Dursun Bey ya ce a bar ta.

Na faɗa musu kamar yadda na faɗa maka, har ƙaurin baklawa. Nejdet ya ce, "Goggo, Allah ya ba mu uwa irinki. Amma ko ni ne, tawa uwar haka za ta zo ta ce." Na ce na san za ka faɗa. Na fito da agogon na ɗora a tebur. Na ce ku dubi fuskarsa, rana ɗaya na goge su, tun Sallah ba ma ganin ƙarfe nawa sai mun matsa kusa, ina ta cewa tururin girki ne. Suka miƙa wa juna. Halis Usta ya sa gilashinsa ya ce tsagen iri ɗaya ne.

Mai gashin baki ya ce agogo agogo ne. Na ce to. Na buɗe kirononka a gabansu, na jiƙa auduga. Ertan, hannuna ya tsaya sau ɗaya, na tuna ranar da ka kawo shi gida kana ta nuna wa babanka. Sa'annan na goge idon baya, mai kyan, kamar yadda na yi wa na gaba, har da farcen. Muka zuba masa ido. Kafin shayin Dursun Bey ya huce ya fara fari, sai ga 'yan tsagen suna fitowa. Kirononka ya gama aiki, ɗana, na ƙarasa shi da hannuna. Ban ga wata hanya ba.

Halis Usta ya miƙe, ka san ba mai yawan magana ba ne. Ya ce shi tun Ertan yana rarrafe a ƙarƙashin teburin aikin ubansa ya san shi. Ya ce in mai gyaran inji yana son ma'auni ya yi ƙarya, sai ya matsar da ido ɗaya kaurin ɗan yatsa ya mayar da murfi, har abada ba mai gani. Ba zai shafa abin da kowa zai gani da ido ba, abin da shi kansa bai san ko sama zai kai lambar ko ƙasa ba. Ya ce wannan aikin mai tsafta ne, ba aikin mai wayo ba.

Nejdet ya ɗauki kwalbar yana juyawa. Na ce karanta takardar jikinta, a kantinka na saya, kai ka ce min in ɗauki mai digiri tamanin ta fi kashe ƙwayar cuta. Ya karanta, sai ya fashe da dariya har da buga tebur. Ya ce kowace Sallah sai mata sun kawo masa tabaran mazajensu sun yi fari suna tambaya ko akwai magani, uwarsa ma haka ta yi wa gilashin rediyonsa yana saurayi. Ya ce, "Dursun, ni na janye maganar coge. Amma bindigar ta wuce doka a watan Mayu, wannan ba kolonyar da za ta goge shi."

Kuma gaskiyarsa ce, ban yi musu ba.

Suka fitar da mu, muka tsaya a waje ni da Sinem, tsakaninmu kamar taku biyar, ba mai kallon wani. Minti goma suka kira mu. Kuskure ne, ba ganganci ba, ba dakatarwa. Halis Usta zai sauke ƙarfin bindigar gobe da safe, a auna ta da na ƙungiya, in ta sauka ƙasa da arba'in da huɗu ta shiga gasar Asabar. Amma sakamakon Mayu an soke shi, kofin ya koma hannun na biyu, wato Nejdet.

Sinem ta ce da kanta za ta kawo masa gobe. Kofinta na farko ke nan a duniya, ka san inda ta ajiye shi, kullum sai ta goge. Wata ƙawarta ta dawo da ita a mota, ni na jira bas.

Sunanka ya fita tas, ɗana. Saura gobe. Halis Usta ya ce in an sauke ƙarfi duk lambobin nisan da ta liƙa a jikin madubin bindigar sun tashi aiki, sai ta sake su daga mita goma har hamsin, aikin sati biyu a wuni ɗaya. Na ce masa ba ka san yarinyar nan ba.

An kira salla. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Bedriye

Asabar, da hantsi

Ertan, ɗana,

Assalamu alaikum, ka kwana lafiya? Wannan gajeriya ce.

Ta wuce! Jiya ban je ba, na ga gara in ba ta wuri, Halis Usta ne ya bugo min. Ya sauke ƙarfin bindigar, ya maƙala nasa a baki, na ƙungiya a gaba, harsashi ɗaya ta cikin biyun, wai yanzu haka suke yi. Talatin da tara, arba'in, talatin da tara. Dursun Bey ya liƙa mata takardar shaida a gindin bindiga ya sa hannu. Ta miƙa wa Nejdet kofinsa a cikin leda, wai ya rasa inda zai sa idonsa, ƙarshe shi ya tsaya yana ja mata igiyar zomaye yana ta da su har rana ta faɗi, tana harbi tana rubuta sababbin lambobi. Halis ya ce daga mita arba'in zuwa sama ba ta gama tabbatarwa ba, sai abin da Allah ya yi yau.

Kwana biyu ke nan ba ta hau bene ba. Ina jin motsinta a ƙasa, ina jin buɗe famfo, shi ke nan. Ban yi fushi ba. Ba don kolonyar take yi ba, na sani, don shirun da na yi a bas ne. Wannan sai a hankali. Da za a sake, da a filin zan faɗa tun ranar Laraba, amma ba a sakewa.

Yau a gida zan zauna. Na dafa ƙwai, na naɗe burodi da cuku da zaitun na ajiye mata a kan matakala, ban buga ba. Ƙarfe goma za su fara. Zan ɗauki carbina in zauna a baranda, daga nan ana hango hanyar filin, in Halis ya bugo zan rubuta maka ko me ke nan. Ko ta shiga cikin ukun ko ba ta shiga ba, za ta zauna a kan matashinta ta yi harbi da bindiga mai gaskiya, abin da na

Tsaya, ana buga ƙofa.

Ita ce, Ertan. Tana cewa, "Mama, kin sa takalmi ko sai kin makarar da ni? Motar Halis Usta tana ƙasa, a layin farko aka sa ni."

Ina zuwa, 'yata, ina zuwa! Ina mayafin nan ya shiga?